Jini na kowa, anini na wasu

Abin da ya kai ni tarihin Ailan kalma ce guda. Ina bin asalin "hafsa" don wani aikin aji, sai na tarar a sojan Ingila ba a zama hafsa sai da takardar naɗi mai sunan sarki. Na ce to, wa ake ba wannan takarda, wa ake hanawa?

A 1914 Ailan duka tana hannun Ingila. A watan Satumba aka sa hannu a dokar ba ta mulkin kai, amma aka jingine ta sai bayan yaƙi. Ran 20 ga watan, John Redmond, jagoran masu neman mulkin kan, ya yi jawabi a Woodenbridge ya ce wa samari su shiga soja. Lissafinsa shi ne, in suka zubar da jini, Landan ba ta iya cin alkawari. Mutanen Ailan wajen 200,000 suka yi wannan yaƙi.

Wurin rabon anini ne gaskiya ta fito. Runduna ta 36, ta Furotestan ɗin Ulster masu son zama da Ingila, an bar ta da shugabanninta na gida da tambarinta. Redmond ya roƙi irin haka ga tasa jama'ar, Kitchener, ministan yaƙi, ya ƙi. Runduna ta 16 galibin sojojinta Katolika ne, amma manyan hafsoshinta yawanci Furotesta. Kwamandanta, Janar Parsons, yakan ce wa masu neman hafsa su fara shiga a ƙaramin soja tukuna. Ɗan Redmond na cikinsa ma da farko sai da ya hana shi.

Waɗanda suka samu kuwa sun biya da tsada. Tom Kettle, malamin jami'a, ya mutu yana laftana a Ginchy a 1916. Willie Redmond, ƙanen John, ya faɗi a Messines a 1917 yana da shekara 56.

Kafin nan ƙasa ta juya. An yi tawayen Dublin a Afrilun 1916, an harbe jagororinsa. Da aka so ɗaukar soja dole a 1918, sai yajin aiki ya tsaida gari. A zaɓen Disamba Sinn Féin ta ci kujera 73, jam'iyyar Redmond 6 kacal a Ailan.

Ƴan'uwa, a ganina wanda ya karɓi ranka ya hana ka ba da oda ya riga ya gaya maka matsayinka. Samarin Ailan sun ji saƙon, shi ya sa suka daina jiran alkawari.