BABI NA UKU: MATSAYIN BAƘO DA TSARON LAFIYARSA A ƘASAR KAZAURE DA MAƘWABTANTA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin yadda aka kafa masarautar Kazaure. Wannan babi zai dubi matsayin baƙo a Kazaure da Roni da Gwiwa, da kuma Babura wadda a da take ƙarƙashin Kano, a yau kuma take cikin masarautar Ringim. Za a kwatanta abin da aka samu a nan da na wasu ƙasashe. Sau da yawa akan ji ana cewa mutanen ƙasa kaza suna da son baƙi, na ƙasa kaza kuwa ɓarayi ne. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, lafiyar baƙo da ta dukiyarsa ba ta rataya a kan kirkin mutanen gari kaɗai ba. Ta fi rataya a kan wanda ya ɗauki nauyinsa, da kuma ko mai mulkin ƙasar yana hangen riba ko haɗari a zuwansa.

3.1 Ƙasar Kan Iyaka

Tun asalinta Kazaure ƙasa ce ta kan iyaka. Ɗantunku ya yanko ta ne daga ƙasashen Kano da Katsina da Daura, bayan ya ƙi yin mubaya'a ga Sarkin Kano Ibrahim Dabo a shekarar 1819. An yi shekaru ana gwabzawa kafin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya amince da ita a matsayin masarauta mai cin gashin kanta. A arewa kuma ga Damagaram, wadda ba ta bin Sakkwato, ta kuwa yi ƙarfi ainun a zamanin Sarki Tanimu. Duk da haka hanyoyin fatake daga Kano zuwa Daura da Damagaram, har zuwa Agadas, ta wannan yanki suka ratsa. Ke nan hanya ɗaya ce ayarin gishiri da kanwa yake bi, ita ce kuma mahara suke bi.

Lokacin da Baturen Ingila Clapperton ya iso Kano a watan Janairu na 1824, ya tarar rikicin Dabo da Ɗantunku bai ƙare ba, ya kuma ambaci hakan a labarin tafiyarsa. Da ya nufi Sakkwato sai da aka haɗa shi da mahaya dawaki suka ƙetarar da shi dajin Gundumi saboda maharan Gobir da Zamfara. Wannan kariya ta baƙon sarki ce. Talaka ba ya samun irinta, don haka sai ya nemi tasa ta wata hanya.

3.2 Mai Masauki da Ayari

Hausawa suna cewa baƙonka Annabinka, suna kuma cewa baƙon da bai yi sallama ba mugu ne. Waɗannan karin magana biyu ba su saɓa wa juna ba, domin ta biyun ita ce sharaɗin ta farkon. Addinin Musulunci ya ɗora wa mai gida haƙƙin liyafar baƙo na kwana uku, ya sa matafiyin da guzurinsa ya yanke cikin waɗanda ake ba zakka, ya kuma tanadi amana ga wanda ba Musulmi ba idan ya shigo da izini. Amma al'ada ce ta tsara yadda ake aiwatar da haka yau da gobe.

Matafiyi ba ya shiga daji shi kaɗai. Yakan jira ayari ya taru, a tashi ƙarƙashin madugu, jagaba yana gaba, uban dawaki yana kula da biyan kuɗin fito da gaisuwar sarakunan kan hanya. Wannan gaisuwa ba kyauta ba ce zalla, kuɗin sayen lafiya ne: sarkin da ya karɓa ya ɗauki alhakin ayarin ke nan har ya fita daga ƙasarsa, in kuwa ya bari aka washe shi, baɗi fatake sai su sauya hanya, ya rasa kuɗin shiga. Idan aka iso gari sai a sauka a zango, ko a gidan fatoma. Fatoma shi ne ke ba baƙo ɗaki da abinci, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan za a ba shi bashi ko shi zai bayar, sannan ya sami rabonsa daga la'ada. Idan kayan baƙo suka ɓata a gidansa, sunansa ne ya ɓaci. Idan kuma baƙon ne ya yi ɓarna, shi za a fara tambaya. Lovejoy (1980) ya yi bayanin wannan tsari a kan hanyar fataucin goro zuwa Gwanja, Cohen (1969) kuma ya tarar da shi yana aiki a unguwar Sabo ta Ibadan, inda masu gida Hausawa suke tsaya wa fataken shanu da goro. Adamu (1978) ya nuna yadda zangunan Hausawa suka bazu a Afirka ta Yamma.

A ƙauyuka, inda babu fatoma, zaure ne masauki. Baƙo yakan yi sallama a ƙofar mai unguwa ko limami, a ba shi ruwa, a yi masa shimfiɗa a zaure, maƙwabta su aiko da tuwo. Idan zama ya zo yi, mai unguwa ya kai shi gaban dagaci, a tambayi asalinsa da sana'arsa kafin a yanka masa gona. Karamci ne, amma kuma sa ido ne. Almajiri ma da yake yawon neman ilmi da sunan malaminsa ake saninsa.

Sai dai akwai wanda wannan tsari bai rufa wa asiri ba. A ƙarni na 19 mutumin da aka tsinta a daji ba ayari ba mai masauki, musamman a lokacin yaƙi, yana iya wayar gari a kasuwar bayi. Duk mai yabon karamcin mutanen da ya kamata ya riƙa tuna wannan.

3.3 Kwatanci da Wasu Ƙasashe

Ibn Baɗuɗa, wanda ya ziyarci daular Mali a 1352 zuwa 1353, ya yaba da zaman lafiyar hanyoyinta, ya ce matafiyi ba ya tsoron ɓarawo ko ɗan fashi, kuma idan baƙo ya mutu ba a taɓa dukiyarsa, ana damƙa ta ga amintacce har magadansa su zo. Abin lura shi ne, shi wannan marubuci ya raina abincin da aka tarbe shi da shi a Walata. Wato ya sami tsaro, amma bai sami liyafar da ya sa rai ba, abubuwa biyu ne daban. A Faransa kuwa an daɗe ana bin wata doka da ta ba sarki damar gaje dukiyar baƙon da ya mutu a ƙasarsa, ba a kuma soke ta kwata-kwata ba sai a 1819, shekarar da Ɗantunku ya yi wa Kano tawaye. A Ingila 'yan fashi a kan dawaki sun addabi hanyoyin shiga Landan a ƙarni na 18, ba a kafa rundunar 'yan sandan birnin ba sai a 1829. Saboda haka ba daidai ba ne a ɗauka cewa Turawa ne suka kawo tunanin kare matafiyi.

Labarin Turawan da suka ratsa ƙasashen Sudan ya ƙara fito da batun fili. An kashe Laing a kusa da Tambutu a 1826. Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya shiga wannan gari a 1853, ya yi watanni a ciki ana neman ransa, ya kuma fita lafiya saboda Shaihu Ahmad al-Bakka'i ya tsaya masa. Gari ɗaya ne, bambancin shi ne ƙarfin mai masauki. Shi dai Barth, a 1851 Sarkin Katsina ya tsare shi na 'yan kwanaki yana neman ƙarin kyauta kafin ya bar shi ya wuce Kano.

Misali mafi kusa da wannan yanki shi ne na Damagaram. A watan Mayu na 1898 aka kashe Kyaftin Cazemajou na Faransa da tafintansa a Zinder bisa umarnin Sarki Amadu Kuran Daga, bayan an karɓe su a matsayin baƙi. Abin da aka fi dangantawa da kisan shi ne tsoron kada Bafaranshen ya haɗa kai da Rabe. Zinder gari ne da ya saba da baƙi, har yana da unguwar Zango ta fatake da Buzaye, amma da sarki ya ga baƙo ya zama haɗari ga gadonsa, al'ada ba ta cece shi ba. A watan Yuli na 1899 Faransawa suka ci garin.

3.4 Bayan Zuwan Turawa

Turawan Ingila sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903, sannan tsakanin 1906 da 1908 aka kafa alamun iyaka tsakanin Nijeriya da yankin Faransa. Daga nan aka sami sabon nau'in baƙo, wato Bahaushen da yake jin harshe ɗaya da mai masaukinsa, wataƙila ma ɗan'uwansa ne, amma takarda ta ce shi ɗan wata ƙasa ne. Mutane da yawa sun ƙetaro kudu don guje wa aikin tilas da harajin Faransawa, masu sarauta kuma suka karɓe su hannu biyu, domin ƙarin mutane ƙarin haraji ne. Haka aka yi a lokacin yunwar 1913 zuwa 1914 da farin 1973 zuwa 1974, ban da 'yan cirani da suke sauka kowace shekara bayan girbi.

A birane kuwa Turawa sun ware wa baƙin Kudu unguwa tasu, kamar Sabon Garin Kano. Wannan baƙo ba shi da fatoma, ba shi da mai unguwar da ya tsaya masa a cikin birni, kuma shi ne ya fi shan wuya a tarzomar 1953 da kashe-kashen 1966. Daga ƙarshen shekarun 1960 aka karɓe 'yan doka daga hannun sarakuna aka haɗe su da 'yan sandan tarayya, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 kuma ya ƙara rage ikon hakimi da dagaci. Mai unguwa ya ci gaba da karɓar baƙo, amma ƙarfin tuhumarsa ya ragu.

Tarzomar Maitatsine ta Disamba 1980 a Kano ta sa aka fara yi wa baƙin malamai da almajirai kallon tuhuma, ganin cewa jagoranta daga Marwa ta Kamaru ya fito. A Janairu 1983 gwamnatin Shagari ta kori baƙin da ba su da takardu, duk da yarjejeniyar zirga-zirga ta ECOWAS ta 1979. An rufe iyakokin ƙasa daga 1984 zuwa 1986, a daidai lokacin da ake fari, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar wancan lokaci sunan Buhari. An sake rufewa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, sannan daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024 bayan juyin mulkin Yamai. A kowane karo umarnin daga Legas ko Abuja ya fito, waɗanda ya fi shafa kuwa su ne masu bin hanyar Kazaure zuwa Daura da Kwangwalam, da masu bin ta Babura zuwa Babban Mutum da Magarya, waɗanda da yawansu kasuwa ce ko biki ko ta'aziyya take kai su.