Daga Diban Gwamna Zuwa Turmutsutsun 2014: Tarihin Shirun Masu Ɗaukar Aiki

Shirun da hukumomi ke yi wa mai neman aiki a Najeriya ya girmi yawancin masu kuka da shi. Asalinsa yana cikin yadda aikin albashi ya shigo Arewa. Bature bai saba magana da lebura kai tsaye ba, sai ta bakin wani. Da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar hanyarta ta samun kuza, sai ta juyo kan ma'adinan Jos. Daga 1942 zuwa 1944 aka yi diban gwamna, wato aikin tilas a ma'adinan: umarni ya fito daga Razdan zuwa ga sarki, daga sarki zuwa hakimi da dagaci, shi kuwa talakan da za a tura bakin rami shi ne na ƙarshen jin labari. A wurin aikin ma heluma ke tsakaninsa da kamfani. Tun daga nan labarin aiki ya zama kaya a hannun ɗan tsakiya, mai iya ɓoyewa, mai iya sayarwa.

An sami sauƙi a zamanin Sardauna, lokacin da manufar cike guraben gwamnatin Arewa da 'yan Arewa ta sa aiki ke bin ɗan makaranta har gida. Sai dai wannan sauƙin, ƙarancin masu takardar shaida ne ya kawo shi, hukuma ba ta koyi wata sabuwar ɗabi'a ba. Da tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya zo, guraben suka ƙafe, masu digiri suka yawaita, sai tsohon hali ya dawo da sabon suna, wato "wa ka sani". Hukumar Raba Daidai da aka kafa a 1996 ta kula da kason jihohi, amma haƙƙin mai nema na a faɗa masa inda takardarsa ta kwana bai sami mai tsaya masa ba.

Ranar 15 ga Maris 2014 aka ga inda wannan hali ya kai. Hukumar Shige da Fice tana da gurabe ƙasa da 5,000, mutum fiye da rabin miliyan suka biya naira 1,000 kowannensu, sannan aka kira su jarrabawa a filayen wasa rana ɗaya, ba tantancewa, ba rabon lokaci. A Abuja da Fatakwal da Minna da Benin aka tattake mutane, aƙalla 15 suka mutu. Shugaba Jonathan ya soke jarrabawar.

Wasu kan ce yawan masu nema ne ya hana a amsa wa kowa. Hujjar ba ta da ƙarfi. JAMB tana yi wa ɗalibai fiye da miliyan ɗaya da rabi jarrabawa kowace shekara, kowa da takardar da ke ɗauke da cibiyarsa da ranarsa da lokacinsa, sakamako kuma ya same shi a waya. Wasu kuma su ce wanda bai ji kira ba ai ya san bai samu ba. Ina zai sani, alhali wani ya ji kiran bayan shekara guda? Cikin wannan duhu ne dillalan gurabe ke cin kasuwarsu, abin da ya sa Majalisar Wakilai ta binciki sayar da guraben aiki a 2023. Shirun yana da masu cin riba da shi, shi ya sa ya daɗe.