Kawaici da Zurfin Ciki a Ƙasar Haɗejiya

Ya kai mai karatu, idan a gidanku akwai mai shiru-shiru, ka sani halinsa yana da tsohon tarihi a ƙasar nan. Tun kafin sarautar Haɗejiya ta koma hannun Sarki Sambo a 1808, Hausawa suna auna mutum da kunya da kawaici. Fulanin da ke kiwo a fadamun kogin Haɗejiya kuwa suna da pulaku, tarbiyyar da ke hana mutum nuna yunwa ko ciwo a gaban jama'a. A wasan sharo, ana zabga wa saurayi bulala ba ya ko yamutsa fuska. A 1974, Anthony Kirk-Greene ya sanya kunya da haƙuri cikin siffofin mutumin kirki a wurin Bahaushe.

Masana halayyar ɗan Adam sun zo kan batun daga baya. A 1921, Carl Jung na ƙasar Suwizalan ya bambanta wanda hankalinsa ke karkata ga jama'a da wanda nasa ke komawa cikin zuciyarsa. A 1967, Hans Eysenck a Ingila ya kawo ra'ayin cewa ƙwaƙwalwar mai shiru-shiru tana saurin ɗaukar motsi da sauti, shi ya sa hayaniya ke gajiyar da shi. Ke nan hali ne, ba ya bukatar magani.

Sai dai a ɗakin ba da magani muna ganin illarsa. A garuruwan fadama, inda noman shinkafa da su ke sa mutane shiga ruwa kullum, tsargiya ta yawaita. Wanda ya ga jini a fitsarinsa kunya takan rufe masa baki, musamman mace, alhali praziquantel yana kashe tsutsar. Wani kuma ƙwayar hawan jini za ta sa masa jiri, ya daina sha bai faɗa wa kowa ba, ko an tambaye shi sai ya ce da sauƙi.

Saboda haka, ka tambaye shi a keɓe, tambaya ɗaya ɗaya, ka jira amsa. Labarin zuciya a tambayi fuska. Ka kuma lura da sabon shiru: mai fara'a da ya ɗauke wuta tsawon mako biyu, barci da cin abincinsa suka canza, yana iya zama ciwon damuwa. Wannan a kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba.