Waziri Ahmadu Mai Shahada

Ahmadu ɗan Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi ne. Ya tashi a zamanin da ba a raba sarauta da sirdi, wanda duk aka naɗa shi ne kuma shugaban dawakin jama'arsa ran yaƙi.

A cikin 1893 Allah ya yi wa Sarkin Kano Muhammadu Bello rasuwa. Sarkin Musulmi Abdurrahman ya ce a naɗa ɗansa Tukur, don gudummawar da ya yi masa a yaƙin Argungu. 'Ya'yan Abdullahi suka ƙi. Suka fita da babbansu Yusufu zuwa Takai, Ahmadu yana cikinsu. Shi ke nan aka soma Basasa, ɗan'uwa ya zare wa ɗan'uwa takobi.

Da ajali ya riski Yusufu a Garko cikin 1894, sai jama'a suka bi Alu, gama uwarsa 'yar gidan Sarkin Musulmi ce, ana zaton Sakkwato za ta fi saurin yarda da shi. Ahmadu ya girme shi, amma ya yi mubaya'a, bai ja ba. Da ya ja, watakila da rundunar ta rabu biyu tun ba ta ga ganuwa ba. Suka ci Kano a shekaran nan, Tukur ya fita, aka cim masa a Tafashiya cikin 1895. Alu ya naɗa Ahmadu Waziri.

Sa'ad da Turawa suka shiga Kano ran 3 ga Fabrairu 1903, Sarki yana wajen Sakkwato da manyan hakimansa. Labari ya tarye su a hanyar komowa. Alu ya sulale da dare, gari ya waye ba Sarki. Wambai Abbas ya ja waɗansu suka nufi Kano su yi caffa. Waziri kuwa ya ce sai yaƙi.

Suka gamu da Laftanan Wright a wajen Kwatarkwashi, ƙarshen watan nan. Sojansa ba su kai hamsin ba, suka tsaya kafaɗa da kafaɗa, suka fuskanci kusurwa huɗu. Dawakin Kano suka yi ta kai sukuwa, ana kore su da harsashi suna komowa, har wajen sa'a biyu. Mashi bai isa inda bindiga ta isa ba. Nan Waziri ya faɗi, da sarakunan yaƙi da yawa. Tun daga ranan Kanawa ke ce masa Mai Shahada. Abbas kuwa shi aka naɗa Sarki.