Manhajojin Gyaran Sauti na Waya da Kiɗan Agidigo: Nazari daga Kano

Tsakure

Maƙalar ta duba abin da ke faruwa da amon agidigo idan aka bi da shi ta manhajojin gyaran sauti na wayar hannu. Ta yi amfani da bayanan kimiyyar sauti, da tarihin ƙungiyar Konono Nº1 ta Kinshasa, da kuma yanayin situdiyoyin Kano. Ra'ayinta shi ne, an gina manhajojin bisa ma'aunin kiɗan Turai, don haka abin da suke gogewa da sunan datti sau da yawa shi ne gishirin kiɗan.

Gabatarwa

Agidigo akwati ne ko allo da aka jera wa harsunan ƙarfe, ana taɓa su da yatsu su ba da amo. Yarbawa na kiran nasu agidigbo, kuma yana cikin kayan kiɗan apala irin na Haruna Ishola; Ibo na da ubo aka, Shonawan Zimbabuwe na da mbira, wadda UNESCO ta sanya a jerin al'adun gado a 2020. A ƙasar Hausa bai samu gindin zama irin na kalangu ko garaya ba. To amma waya ta sauya lissafi. Matashin Kiru ko Tudun Wada da ba shi da kuɗin mota zuwa situdiyoyin Titin Gidan Zoo yana iya sauke BandLab ko FL Studio Mobile ya naɗi kiɗansa a ɗaki.

Inda manhaja ke tuntuɓe

Matsala ta farko daga ƙarfen take. Tsirkiyar garaya idan ta kaɗa, amon da ke bin bayan na asali yana zuwa ninki biyu, uku, huɗu. Harshen ƙarfe da aka ɗaure gefe guda ba haka yake ba: amonsa na biyu ya kai wajen ninki 6.27 na na farko. Manhajar daidaita murya irin Auto-Tune, wadda kamfanin Antares ya fitar a 1997, tana neman jeri mai tsari ne kafin ta gane sautin. Idan kuma makaɗi ya taɓa harsuna biyu lokaci guda, sai ta rikice gaba ɗaya, domin sauti ɗaya tak take iya bi. Ko ta gane, za ta ja shi ne zuwa ɗaya daga matakai 12 na fiyano, alhali maƙerin ya saita ƙarfensa da kunne, daidai da muryar mawaƙin da zai raka.

Ta biyu ta fi ciwo. Shonawa na liƙa murafen kwalba ko bawon dodon-koɗi a jikin ƙwaryar mbira da gangan don ta riƙa ziza. Mai sauraron gurmi da garaya ya san wannan ɗanɗano. Hugh Tracey, wanda ya kafa ɗakin adana kiɗan Afirka na ILAM a 1954, da ya ƙera kalimbarsa, wani nau'in agidigo, don kasuwar waje, sai ya saita ta bisa ma'aunin Turai, amonta tas babu ziza. Abin da Tracey ya yi da hannu, yau maɓallin rage hayaniya ke yinsa ba tare da an tambaye shi ba, tunda an horar da shi ne ya kare muryar mai magana ya danne sauran.

Darasin Kinshasa da na Kano

Mawangu Mingiedi ya kafa Konono Nº1 a shekarun 1960. Hayaniyar birni ta fi ƙarfin likembensa, wato irin nasu agidigon, sai ya haɗa na'urar ɗaukar amo da maganaɗisun tsofaffin motoci, ya jona da lasifika. Sautin ya fito a dagule, yana ƙara. Bai nemi gyara shi ba, ya ma gina salonsa a kai, kuma faifan Congotronics na 2004 ya kai shi kunnen duniya. Na'ura ta ƙara wa zizar ƙarfi ke nan maimakon ta kashe ta.

Kano ta bi wata hanyar. Kamar yadda Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya nuna a rubuce-rubucensa, fiyanon Yamaha ya maye gurbin makaɗan gargajiya a waƙoƙin fim, daga baya Auto-Tune ta shiga muryoyi har ta zama alamar nanaye. A ganina wannan ba laifi ba ne a karan kansa, salo ne da ya samu masoya. Haɗarin shi ne kunnen da ya tashi a kansa ya ɗauka duk amon da ya kauce wa fiyano kuskure ne.

Abin da ke aiki

Amsa-kuwwa kaɗan tana taimakon agidigo, don amonsa gajere ne, yana mutuwa da wuri. Idan ta yi yawa kuwa bugun ya cakuɗe, ba a jin inda kowane yatsa ya sauka. Makirufon waya ba ya kama ƙasan amo sosai, saboda haka babban akwati ya fi ƙarami asara, sai an matso da wayar kusa da ramin akwatin. Akwai kuma jinkiri tsakanin taɓawa da jin sauti a wayoyin Android masu araha, wanda Bluetooth ke ƙara tsawaitawa, har makaɗi ya saki kari. Shi ya sa ya fi dacewa a kashe rage hayaniya, a naɗi kiɗan tsurarsa a ajiye kwafi, sannan a yi ado a kan kwafi na biyu.