Gidaje masu sauƙin kuɗi da tallafin haya: Abin da doka ta tanada da abin da ke isa ga talaka daga Birnin Kebbi zuwa Kano

A ƙauyukan yankin Gwandu da Kalgo, irin su Wurogauri, ba a san kuɗin haya ba sai nadiran. Saurayi idan ya tashi aure, a gidan mahaifinsa ake yanka masa wuri, dangi su taru a ɗora ɗaki. Ranar da neman abinci ko karatu ya kai shi Birnin Kebbi, Sakkwato ko Kano ne yake fara cin karo da dillali, da la'ada, da mai gidan da ke neman kuɗin shekara guda a dunƙule.

Birnin Kebbi ta fara cika tun daga 27 ga Agusta, 1991, ranar da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi daga tsohuwar Jihar Sakkwato, ma'aikata suka kwararo sabon babban birnin. Rukunin gidajen Gesse da na Aliero sun ɗauki wani kaso nasu, sauran suka bazu cikin gidajen haya a unguwanni irin su Badariya, Bayan Kara da Rafin Atiku. Kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a 2013, wadda mazauninta na dindindin ke yankin Kalgo, ya ƙara yawan masu neman ɗaki a wannan shiyya.

Abin da doka ta ce

Sashe na 16 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya umarci gwamnati ta fuskantar da manufofinta wajen samar wa kowane ɗan ƙasa matsuguni mai dacewa. Sai dai sashen yana cikin Babi na Biyu, wanda sashe na 6 ya hana kotuna tilasta aiwatar da shi. Don haka marar muhalli ba shi da hurumin kai gwamnati ƙara a kan wannan alkawari.

Doka ta biyu mai muhimmanci ita ce Dokar Amfani da Filaye ta 1978, wadda ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Shi ke sa hannu a takardar shaidar mallaka, kuma sai da amincewarsa ake sayar da fili mai takarda ko a jinginar da shi. Tsada da jinkirin samun takardar ne suka tura ɗimbin mutane sayen filayen da a Kano ake kira awon igiya, waɗanda banki ba ya karɓa a matsayin jingina.

Tarihin gidajen gwamnati

An kafa Hukumar Gidaje ta Tarayya a 1973. Tsarin raya ƙasa na uku, daga 1975 zuwa 1980, ya ƙuduri gina gidaje 202,000, amma abin da aka kammala bai kai kashi 15 cikin 100 ba.

Shirin da ya fi zama a bakin jama'a shi ne na Shugaba Shehu Shagari, daga 1979 zuwa 1983. An tsara gina gidaje 40,000 a kowace shekara, 2,000 a kowace jiha, akasarinsu masu ɗakin kwana ɗaya domin masu ƙaramin ƙarfi. Kusan kashi ɗaya cikin biyar kawai aka kammala kafin sojoji su kifar da gwamnatin. Taƙaddamar fili tsakanin Gwamnatin Tarayya da gwamnonin jam'iyyun adawa ta sa aka gina wasu a bayan gari, nesa da ruwa da hanya. Duk da haka, unguwannin da ke ɗauke da sunan Shagari a Kano da wasu birane sun zama cikin gari a yau.

A Kano, rukunin gidajen Kundila, Gwammaja da Danladi Nasidi na daga cikin waɗanda gwamnatin jiha ta samar. A wa'adin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu, daga 2011 zuwa 2015, an gina biranen Kwankwasiyya, Amana da Bandirawo, sai dai farashinsu ya fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci, kuma da yawa daga cikin gidajen sun shafe shekaru babu kowa a ciki.

Wani sauyi da ya taɓa ma'aikata shi ne na 2003, lokacin da gwamnatin Olusegun Obasanjo ta mayar da alawus-alawus kuɗi a cikin albashi, ta kuma sayar da gidajen gwamnati masu yawa. Waɗanda ke ciki a lokacin sun samu damar mallaka, waɗanda aka ɗauka aiki daga baya kuwa kasuwar haya ta zame masu dole.

Asusun Gidaje na Ƙasa

Babbar ƙofar da gwamnati ta buɗe wa mai albashi ita ce Asusun Gidaje na Ƙasa, wato NHF, wanda aka kafa da doka mai lamba 3 ta 1992, kuma Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya, FMBN, ke kula da shi. Ana cire kashi 2.5 cikin 100 na albashin ma'aikaci a kowane wata. Wanda ya yi aƙalla wata shida yana zubi zai iya neman lamuni ta hannun ƙaramin bankin lamunin gidaje, a kan kuɗin ruwa kashi 6 cikin 100, ya biya cikin shekarun da za su iya kai 30. Wanda bai ci bashi ba yana da haƙƙin karɓar abin da ya tara idan ya yi ritaya. Tun 2023, wata gyarar doka ta mayar da zubin ganin dama ga ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu.

Bankin yana da tsarin haya har zuwa mallaka: mai zubi ya tare a gidan, ya riƙa biya wata-wata ko shekara-shekara, har gidan ya zama nasa.

Abubuwa uku ne ke tare wa talaka hanya. Na farko, ana buƙatar shaidar samun kuɗi a kai a kai, wadda ɗan acaba, mai shayi ko manomin shinkafa ba su da ita. Na biyu, sai da takardar mallaka sahihiya. Na uku, Musulmi da dama na ƙaurace wa duk bashin da ke da kuɗin ruwa, abin da ya sa ake ta kiran a faɗaɗa tsare-tsare irin na ijara.

Lissafin gidan naira miliyan 8

A Fabrairun 2024 Shugaba Bola Tinubu ya ƙaddamar da shirin gidaje na Renewed Hope a Karsana, Abuja, da gidaje 3,112. Shirin ya haɗa da rukunin gidaje 250 a kowace ɗaya daga cikin jihohi 12, ciki har da Sakkwato da Katsina, da wani babban rukuni a Kano. Ministan Gidaje na lokacin ƙaddamarwar, Ahmed Musa Dangiwa, ya bayyana cewa gida mai ɗakin kwana ɗaya da aka gina da kuɗin kasafi zai kama tsakanin naira miliyan 8 zuwa 9.

Wanda ya ci bashin naira miliyan 8 a kan kashi 6 cikin 100 na shekara 30 zai riƙa biyan kimanin naira 48,000 a wata. Mafi ƙarancin albashi a ƙasa tun Yulin 2024 naira 70,000 ne, Kebbi ta amince da 75,000, Kano kuma 71,000. Ke nan biyan zai lashe kusan kashi biyu cikin uku na albashin ƙaramin ma'aikacin Kebbi. Tunda ƙa'idar masu ba da lamuni ita ce kada biyan ya wuce sulusin abin da mutum ke samu, sai mai samun kimanin naira 144,000 a wata ne zai cancanci gida mafi araha a shirin.

Shin akwai tallafin haya?

A Amurka, shirin da aka fi sani da Sashe na 8, wanda ya samo asali daga dokar 1974, yana sa iyali mai ƙaramin ƙarfi ya biya kimanin kashi 30 cikin 100 na abin da yake samu, hukuma ta cika wa mai gida ragowar. Birtaniya ma tana biyan tallafin haya, Afirka ta Kudu kuwa ta raba miliyoyin ƙananan gidaje kyauta tun 1994. Najeriya ba ta da tsari na ƙasa baki ɗaya da ke biya wa talaka wani ɓangare na kuɗin hayarsa.

Abin da ya fi kusa shi ne rangwamen da ke cikin Dokar Haraji ta 2025, wadda aka sa wa hannu a watan Yunin shekarar domin ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2026. Ta ba ɗan haya damar cire kashi 20 cikin 100 na hayar da ya biya a shekara, matuƙar bai wuce naira 500,000 ba, daga kuɗin shigar da ake ɗora wa haraji. Ba kuɗi ake miƙa masa ba. Mai biyan hayar naira 300,000 zai cire 60,000, kuma idan yana matakin harajin kashi 15 cikin 100, naira 9,000 ce ta rage masa a shekara. Wanda abin da yake samu bai wuce naira 800,000 a shekara ba dama ba ya biyan haraji, saboda haka rangwamen bai ƙara masa komai ba.

A zahiri, dangi, adashi, ƙungiyoyin gama-kai na ma'aikata, da zakka da wakafi ne ke rufa wa mafi yawan masu haya asiri. Tsohuwar al'adar fatoma da mai masauki, wadda ta sauki fataken goro da shanu a zangunan Ibadan da Kumasi, har yanzu ita ke ba baƙo makwanci a zaure ko shago kafin ya samu na kama ɗaki.

Haƙƙin ɗan haya

Dokar haya ta jihohi ce, kuma takan bambanta. A Abuja, Legas da jihohi da dama, idan yarjejeniya ba ta faɗi wani wa'adi ba, mai biyan wata-wata yana da notis na wata ɗaya, mai biyan shekara kuma na wata shida. Bayan cikar wa'adin sai a ba shi wani na kwana bakwai, sannan a tafi kotu. Mai gida ba shi da ikon cire rufi, sauya kwaɗo ko watso kaya waje ba tare da umarnin kotu ba. Dokar Legas ta 2011 ta haramta karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, ko da yake ana yawan karya ta.

Lauyoyi kan shawarci mai kama haya ya nemi rubutacciyar yarjejeniya da rasiɗin kowane biya, ya tabbatar dillali na da izinin mai gida, a kuma rubuta wanda gyara da kuɗin wuta suka rataya a wuyansa.

Giɓin da babu tabbacin girmansa

An sha ambata cewa Najeriya na da giɓin gidaje miliyan 17, wasu su ce 20, wasu 28. A 2021 Ministan Ayyuka da Gidaje na lokacin, Babatunde Fashola, ya yi watsi da adadin miliyan 17, yana mai cewa ba shi da tushe. Rabon ƙasar da ƙidayar jama'a da gidaje tun 2006. Wakiliyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin muhalli, Leilani Farha, da ta ziyarci ƙasar a Satumban 2019, ta nuna damuwa kan yadda manyan gidaje ke zaune babu kowa a birane alhali talakawa na cunkushe a unguwanni marasa ruwa da magudana.

Cire tallafin man fetur a Mayun 2023 da hauhawar farashin da ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disamban 2024 sun ɗaga kuɗin siminti, rodi da kwano, masu gidaje kuma suka juye nauyin a kan 'yan haya. Matakan da masana suka fi nanatawa su ne sauƙaƙa takardar fili, samar da filaye masu hanya da ruwa domin mutum ya gina a hankali gwargwadon ƙarfinsa, mayar da biyan haya wata-wata, da gina gidajen da gwamnati za ta bayar haya a kan farashi mai rahusa maimakon sayarwa. Uku na farko duk suna hannun gwamnoni da majalisun jihohi.