ZARE: Laftof ta Naira Miliyan 3, Jari Ce Ko Ado?

1/
Shekaranjiya wani ƙanena ya turo min saƙo: "Yaya, so nake in sayar da filin da na gada in sayi laftof mai tsada, irin ta ƙwararru. Editin zan kama gadan-gadan. Me ka gani?"

Ban ba shi amsa nan take ba. Na ce sai na ba shi tarihi tukuna. Ga shi, ku ma ku karanta. Zaren da ɗan tsawo, a gyara zama. 🧵

2/
Na kusa shekara goma ina haɗa bidiyo: biki, talla, waƙa, har da wa'azi. Na yi aiki da kwamfutar da sai ka kunna mata fanka a gefe kafin ta yarda ta motsa. Na kuma taɓa cin bashi na sayi mai tsada. Duka biyun na ɗanɗana, shi ya sa nake ganin ina da ta cewa.

3/
Mu koma 1981. A shekarar aka fito da Osborne 1 a Amurka, ɗaya daga cikin kwamfutocin farko da ake iya ɗauka a yi tafiya da su. Kuɗinta dala 1,795. Nauyinta kusan kilo 11, kamar keken ɗinki na hannu. Fuskarta inci 5 kacal, wayar da kake karanta wannan zaren da ita ta fi ta faɗi. Batir ma babu, sai ka nemi soket.

4/
A 1989 kamfanin Apple ya fito da Macintosh Portable. Dala 6,500! Nauyi sama da kilo 7, saboda batirinta irin na dalma ne, dangin na mota. Kasuwa ba ta karɓe ta ba, cikin shekara biyu aka daina yin ta.

Ku riƙe wannan: tun daga tushe, tsada ba ta taɓa zama shaidar cewa abu ya yi ba.

5/
A 1991 suka dawo da PowerBook. Suka tura kibod baya, suka bar wurin ɗora tafin hannu a gaba, da abin juya kibiya a tsakiya. Duba laftof ɗinka yanzu, ko ta wane kamfani ce, za ka ga wannan tsarin ne har yau. A 1992 kuma IBM ya kawo ThinkPad.

Amma duk wannan lokacin, laftof ta 'yan ofis ce da 'yan kasuwa. Rubutu da lissafi. Maganar haɗa fim ba ta taso ba.

6/
To a ina ake haɗa fim a lokacin? A ɗaki na musamman. Na'urar Avid, wadda ta fito a 1989, kuɗinta dubun-dubatar daloli ne. Mutum ɗaya ba ya saye, sai kamfani ko gidan talabijin. Kai dai ka je ka yi haya da awa.

A nan gida kuwa, Turmin Danya, fim ɗin da ake ƙirga farkon finafinan bidiyo na Hausa da shi, a 1990 ya fito a Kano, zamanin kaset. Babu laftof a labarin, amma masana'anta guda ta tsiro daga nan.

7/
Inda labari ya juya shi ne 1999. Apple ya saki manhajar Final Cut Pro a kan dala 999. A daidai lokacin ƙananan kyamarorin MiniDV sun fara yawa, ga kuma wayar FireWire da ke kwaso bidiyo daga kyamara zuwa kwamfuta kai tsaye.

Abu uku suka haɗu: kyamara mai sauƙi, manhaja mai sauƙi, da hanyar haɗa su.

8/
Janairun 2001 sai ga PowerBook G4 mai jikin ƙarfen titaniyam. Kaurinta inci ɗaya, fuskarta ta haura inci 15, farashi daga dala 2,599.

Tsada ce, ba musu. Amma da me za ka gwada ta? Da ɗakin editin na dubun-dubatar daloli. A wannan ma'aunin, araha ce ta bugawa a jarida. Ɗaki guda ne ya shige jaka.

9/
Wannan shi ne zamanin da amsar tambayar ƙanena take "e" babu ja. Domin a lokacin, ƙaramar laftof ba za ta iya aikin ba kwata-kwata. Ko ka sayi babbar, ko ka haƙura da sana'ar, ko ka koma haya.

A 2003 Walter Murch, gogaggen mai haɗa fim a Hollywood, ya haɗa Cold Mountain da Final Cut Pro a kan kwamfutocin Apple na tebur, har aka sa shi takarar Oscar. Daga nan masu raina kayan suka yi shiru.

10/
Sunan MacBook Pro a 2006 ya fara, lokacin da Apple ya koma amfani da ƙwaƙwalwar Intel. Tun daga nan kalmar "Pro" ta zama kamar babbar riga. Ka shiga wurin taro ka buɗe ta, kowa ya san ka iso, ko da kuwa WhatsApp kawai kake dubawa 😅

A nan ne kayan aiki ya fara cakuɗewa da ado. Wasunmu har yau ba mu iya raba su ba.

11/
2012 kuma aka shigo da wani sabon salo da ya shafe mu sosai. MacBook Pro mai fuskar Retina, inci 15, dala 2,199. Kyau kamar me. Sai dai RAM ɗinta an narke shi a jikin allon ciki, batir an manne shi da gam.

Ma'ana: abin da ka saya ranar farko, da shi za ka zauna. Da can kana iya zuwa kasuwa ka ƙara RAM idan kuɗi sun samu. Wannan ƙofar aka fara rufewa, wasu kamfanonin ma suka bi sahu.

12/
Yanzu ga ɓangaren da nake so kowa ya karanta a tsanake: 2016 zuwa 2019.

A Oktoban 2016 aka fito da sabuwar MacBook Pro, siririya. An cire ramin katin kyamara, an cire HDMI, an cire USB ɗin da kowa ya sani, sai USB-C kawai. Mai ɗaukar hoto ya biya sama da dala 2,000, amma sai ya sayi ƙarin abin jona kafin ya kwashe hotunansa.

13/
Ga kuma kibod ɗin da suka kira butterfly. Ɗan ƙura ya shiga ƙarƙashin harafi, sai ya maƙale, ko ya riƙa fitowa sau biyu. Ku yi tunanin wannan a hunturun Kano, malam.

A 2018 kamfanin ya buɗe shirin gyara kyauta. Daga ƙarshen 2019 ya fara janye kibod ɗin. A 2022 ya amince zai biya dala miliyan 50 don sasanta ƙarar da masu saye suka shigar a Amurka, ba tare da ya amsa laifi ba.

14/
Wato shekara wajen uku, mutane suna biyan farashin ƙoli suna karɓar ciwon kai. Kuma galibinsu ƙwararru ne, waɗanda aka ce don su aka yi ta.

Muna cewa araha ba ta ado, gaskiya ne. Amma tarihin nan ya ƙara mana da cewa tsada ma ba ta rantsuwa.

15/
Nuwamban 2020 aka sake girgiza kasuwa. Apple ya fito da ƙwaƙwalwarsa ta kansa, M1. MacBook Air ta dala 999, wadda ko fanka babu a cikinta, ta riƙa kamo, wani lokacin ma ta wuce, manyan da aka saya ninkin kuɗinta shekara ɗaya kafin nan, a ayyuka da yawa.

Ka sa kanka a matsayin wanda ya zuba dala 3,000 a 2019. Ya za ka ji?

16/
Oktoban 2021 kuma suka dawo da ramin katin kyamara, da HDMI, da cajar maganaɗisu. Galibin abin da suka cire a 2016. Mai inci 14 ta fara daga dala 1,999.

Waɗannan kam sun yi, masu aikin bidiyo sun yaba. Amma darasin bai canza ba: ƙolin yau, tsaka-tsakin gobe ne. Kana sayen fifikon da ke da wa'adi.

17/
Yanzu mu leƙa ɗaya gefen. Parasite, fim ɗin Koriya ta Kudu da ya ci Oscar huɗu a 2020 har da gwarzon fim, da Final Cut Pro 7 aka haɗa shi. Manhajar 2009 ce, wadda kamfanin da kansa ya maye gurbinta tun 2011.

Sean Baker ya ɗauki Tangerine da wayoyin iPhone 5s, ya kai shi bikin Sundance a 2015. Shekara goma bayan nan ya ci Oscar da Anora.

18/
Flow, fim ɗin zane daga Latbiya da ya ci Oscar a 2025, da Blender aka yi shi. Blender kyauta ce, ko yanzu kana iya saukewa idan kana da data. DaVinci Resolve ma tana da ta kyauta.

Ban ce mutanen nan ba su taɓa kayan tsada ba. Abin da nake nunawa shi ne, mai kallo bai taɓa tambayar da wace kwamfuta aka haɗa ba. Labari yake bi.

19/
Bari in faɗa muku nawa kuskuren. Wata shekara na ci bashi wurin ɗan'uwa na sayi laftof mai tsada, ba sai na faɗi kamfani ba. Ita ba ta da laifi, tana gudu kamar walƙiya.

Matsalar: kwastomomina biyu ne ko uku a wata. Bidiyon da nake jira awa uku ya fito, ya koma minti arba'in. Sai in zauna ina kallon bango. Lokaci na saya, alhali lokaci ne abin da na fi kowa yawa.

20/
Bashin nan ya kai ni fiye da shekara. Gaisuwa da ɗan'uwana ta koma ta ɗari-ɗari. Tsalle ɗaya ake faɗawa rijiya, fita kuwa sai an yi dubu.

Da rabin kuɗin na sa a makirfo mai kyau, fitila, da ma'ajiyar bidiyo ta waje, da aikina ya fi haka kyau tun lokacin. Sauti mara kyau ya fi korar kwastoma a kan jinkirin kwamfuta. Kwastoma ba ya ganin jinkirin, kai ke gani.

21/
Ga kuma abin da 'yan Amurka masu sharhin kaya a YouTube ba sa lissafawa: canji. Kafin Yunin 2023, dala a farashin hukuma tana wajen naira 460. A 2024 ta haura 1,500.

Laftof ta dala 2,000 ta tashi daga ƙasa da miliyan ɗaya zuwa miliyan 3, ba tare da an ƙara mata ko kusa ɗaya ba. Kuɗin da ake biyanka na bidiyon biki ya ninka sau uku? Ni dai nawa bai ninka ba.

22/
To yi lissafi da biro. A ce kana karɓar naira 50,000 a kowane aiki. Tsohuwar kwamfutarka tana ba ka damar gama 4 a wata, sabuwar za ta kai ka 6. Ƙarin naira 100,000 ke nan a wata. Miliyan 3 sai wata 30 za ta dawo, shekara biyu da rabi.

Wannan kuma idan ayyuka shidan suna nan suna jiranka. Idan biyu ne ke zuwa, ƙarin sifili ne.

23/
Kar in yi rashin adalci, akwai wanda ta cancanta. Mai aikin 3D mai nauyi. Mai gyaran launin bidiyon 4K ɗanye daga babbar kyamara, wanda dole fuskar kwamfutarsa ta nuna launi daidai. Mai yawo daga gari zuwa gari yana miƙa aiki a daren da aka ɗauka. Wanda ya kai ga mayar da kwastoma saboda kwamfuta ta riƙe shi.

Wannan kam jari ce gare shi, ya saya hankali kwance.

24/
Akwai kuma hujja ɗaya da ta fi ƙarfi a wurinmu fiye da Turai: wuta. Laftof ɗin da batirinta zai kai ka wuni kana aiki ta rage maka kuɗin man janareta, kuma ba za a ɗauke wuta ana tsakiyar fitar da bidiyo ka koma farko ba. Wanda ya taɓa dandana wannan ya san zafin.

Sai dai tun 2020, batir mai ƙarko ya sauko zuwa masu matsakaicin farashi. Ba sai ka je ƙoli ba.

25/
Idan kuwa aikinka Canva ne, fosta, gajeren bidiyon TikTok, hoton biki, ko kana koyo ne tukuna, mai matsakaicin kuɗi ko ta hannu mai lafiya ta ishe ka. Nemi RAM 16GB da ma'ajiyar SSD. Koyi aiki da proxy, wato ƙaramin kwafin bidiyo da kake editin da shi, sai a ƙarshe manhaja ta koma kan na asali. Dabarar nan kaɗai ta ceci kwamfutoci da yawa daga ritaya.

26/
Kafin ka biya, ko sabuwa ko ta hannu, tambayi abu uku. Idan ta lalace, akwai mai gyara a garinku? Ana iya ƙara mata RAM ko ma'ajiya, ko an narke su? Lafiyar batir nawa ce? Idan ta hannu ce, tabbatar mai ita na farko ya cire asusunsa, kar ka kai gida ta kulle.

27/
Ga abin da na rubuta wa ƙanena daga ƙarshe: "Kar ka taɓa filin nan. Shekara biyar masu zuwa laftof ɗin ta tsufa, filin kuwa yana nan. Nemi ta hannu daidai ƙarfinka, ka zo in koya maka abin da na sani. Ranar da ka mayar da kwastoma uku a wata ɗaya saboda kwamfuta, kira ni, ni zan raka ka kasuwa. Kuma da kuɗin aikinka za mu je."

Ya turo min alamar dariya, ya ce zai yi tunani. Allah Ya sa ya ji.

28/
Ku fa? Da wace kwamfuta kuka fara, kuma yaushe kuka ga lallai sai kun canza? Ku faɗa min a ƙasa, musamman waɗanda suka sayi mai tsada, ta biya ko ba ta biya ba. Wanda ya san mai shirin sayar da kadara saboda laftof, ya tura masa zaren nan kafin ya je wurin dillali.